Ummaru Sojan-Ruwa da Ayarin Kasuwa

Duk sa'ad da na ji wani mai babbar riga ya buɗe baki a rediyo yana cewa "haɗin gwiwa", sai in ji zuciyata ta tashi kamar na ga ƙuda a cikin fura. Kalmar ba ta yi mini laifin komai ba. Mutanen da na ga sun riƙe ta ne suka ɓata mini ita, kuma ni ma ina cikinsu, domin ni ne mai biron. Sunana Rilwanu, malamin firamare ne da ya ajiye alli, kuma ni na yi wa kwamitin tsaron yankinmu sakatare shekara ɗaya da 'yan watanni. Amma ba labarina zan bayar ba, na Ummaru ne.

A Unguwar Ɗinya aka haife mu, wani ƙauye da ke bayan Birchi a ƙasar Kurfi, tsakaninmu wata uku. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, sai yayarsa Kyauta ta ɗauke shi. Da aka yi mata aure ma da shi ta tare, tana gaba da kayan ɗaki yana biye da ita da ƙwarya a ka. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta da duka, ita ta sayar da daddawa ta ɗinka masa wandon farko da ya kai idon sawu. Har ya yi furfura bai taɓa kiran sunanta ba, Yaya kawai yake cewa.

Yadda aka yi ɗan Unguwar Ɗinya ya zama sojan ruwa, abin dariya ne. Ruwan da ya fi kowane girma a idonmu a lokacin shi ne kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, kuma ko a cikinsa Ummaru bai iya iyo ba. Ya tafi neman aikin soja ne, ya tarar da layi biyu, ɗaya ya miƙe har ya sha kwana, ɗaya kuma mutum bai fi talatin ba. Shi kuwa tun safe bai karya ba, sai ya bi gajeren. Sai da aka ɗora su a mota aka nufi kudu ya tambayi na kusa da shi inda za a kai su. Ya ce mini ranar da ya fara ganin teku a Legas, sai ya zauna a ƙasa yana salati.

Shekara talatin da biyu ya yi a ruwa, tsakanin Legas da Kalaba da Fatakwal. Bai zama wani babba ba. Jan igiya, goge tsatsa, shafa fenti, daga baya aka ba shi tuƙin ƙaramin jirgi. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a cikin rafuffukan kudu, inda ake haɗa sojan ruwa da na ƙasa da 'yan sanda a jirgi ɗaya su raka manyan jiragen kaya. A nan ya koyi abin da ya dawo mana da shi gida, ban da ciwon gwiwa da son kifi. Mutum ne siriri, mara yawan magana, mai naɗe igiyar guga zagaye-zagaye kamar za a zo duba ta. Yara suna tsokanarsa da Sojan-Ruwa, manya suka ɗauka, sunan ya bi shi.

Bai cika shekara biyu da dawowa ba 'yan bindiga suka matsa wa hanyarmu. Daga ƙauyukanmu zuwa kwalta, ta wajen Makera, hanyar ƙasa ce mai kusan kilomita tara, kuma duk mai zuwa kasuwar Dutsin-Ma ita yake bi. A tsakiyarta akwai wani kwari mai yashi, rafi ne in an yi babban ruwa da damina, in ruwan ya wuce kuma sai yashi. Wannan kwarin shi ne iyaka: gaɓar nan ƙasar Kurfi, gaɓar can ƙasar Dutsin-Ma. Direbobi kowa yana fita lokacin da ya ga dama, ana rige-rigen isa kasuwa, su kuma mutanen daji suna tsintar motocin ɗaya bayan ɗaya. Mata suka daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Yaya Kyauta, wadda ta shekara arba'in tana kasa daddawa a Dutsin-Ma, ta koma zaman gida tana kallon kayanta suna bushewa a kwando.

Kowane ɓangare yana da 'yan sintirinsa. Namu suna ƙarƙashin Ya'u Maharbi, dattijo mai shekara saba'in, ɗan maharbi jikan maharbi. Na gaɓar can, mutanen Kukar Zaure, suna ƙarƙashin Alhaji Tukur, ɗan kasuwar hatsi wanda bai kai hamsin ba, amma shi ya saya wa mutanensa bindigogi da takalman ruwa da fitilu. Aka ce a haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka kafa kwamiti, aka naɗa wani tsohon akawu shugaba, ni kuma aka miƙo mini littafi. Muna zama a ajin firamare, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa.

A zama na biyu ne Ummaru ya ɗaga hannu. Ya je allo ya ɗauki alli, ya zana hanya, ya zana kwari, ya jera 'yan akwatuna bakwai.

"A ruwa," in ji shi, "jirgin kaya ba ya tahiya shi kaɗai inda ke da ɓarayi. Ana tara su ayari guda, masu rakiya gaba da baya. Kuma saurin ayari shi ne saurin jirgin da ya fi kowa nawa. Ba a barin kowa baya."

Direbobi suka yi gunaguni, don wanda ya riga isa kasuwa shi ke samun lodin dawowa mai kyau. Amma tsoro ya fi kwaɗayi ƙarfi a lokacin, suka yarda. Sai ya ce abu na biyu, murya ɗaya ce za ta riƙa ba da umarni. Nan fa Ya'u ya shiga kallon rufi, Alhaji Tukur yana kallon agogonsa. Ummaru ya ga haka, bai ja ba.

"Wannan mai sauƙi ne. Mu ma a jirgi ɗaya muke da sojan ƙasa, kuma wani lokacin ya girme ni da igiya. Amma muddin muna bisa ruwa, maganar mai jirgi ake bi. In ƙafa ta taka tudu, magana ta koma wajenshi. Baba Ya'u ya riƙe ayari daga gida zuwa kwari, Alhaji ya riƙe daga kwari zuwa kwalta."

Kowa ya ji daɗi, an raba sarauta biyu babu wanda ya tashi hannu wofi. Har aka fara gyara riguna za a yi addu'a, sai ya ce saura ɗaya, kuma ita ce uwar sauran.

"Ba a sakin aiki sai an damƙa shi. Mai miƙawa ya zo da ƙafarshi, mai karɓa ya zo da tashi, su haɗu tsakiyar kwari. Wanga ya ce motoci bakwai, mutum kaza, na miƙa. Wancan ya ƙirga da idonshi ya ce na karɓa. In bai ce na karɓa ba, ko wuta ake yi, aikin yana wuyan na farko. Duk asarar da na gani a ruwa, a irin wannan tsakanin aka yi ta, lokacin da kowa ke zaton abin na hannun wani."

Aka ce to, madalla, Allah ya yi albarka. Na rubuta an amince. Da na san abin da "to" ɗin nan take nufi, da na ajiye biron tun ranar.

Ranar kasuwar farko motoci bakwai suka taru a gindin ɗinya, aka tashi tare. Mutanen Ya'u a kan babura gaba da baya, abin gwanin sha'awa. Da aka iso bakin kwari sai Ya'u ya tsaya, ya sauka daga babur, ya dogara bindigarsa. Can a ɗaya gaɓar ga Alhaji Tukur da mutanensa, shi ma a tsaye, hannu a aljihu. Suna hangen juna sarai. Babu wanda ya motsa.

Ummaru ya matsa kusa da Ya'u. "Baba, mu sauka."

"Mu sauka ina? Ni zan tahi wurin Tukur? Ranar sunanshi ni na harbo zabin da aka ci. Ƙarami ke tattaki zuwa wurin babba, haka muka taras. Ya sauko, in ya kai tsakiya sai in taso."

Ummaru ya hau babur ɗinsa ya ratsa yashi ya je wancan gefen. Alhaji Tukur ya saurare shi da murmushi irin na mai awo.

"Malam Ummaru, ai ni ban raina Baba Ya'u ba, uba ne. Amma mai kawo kaya shi ke isowa inda mai karɓa yake. Ko a kasuwa ka taɓa ganin ɗan awo ya bi manomi gona? Kuma yaran nan nawa kallona suke. In na fara sauka yau, gobe wa zai ji maganata?"

Sau uku Ummaru yana kai-komo a cikin yashin nan da gwiwarsa mai ciwo, motoci suna tsaye, direbobi suna danna oda. Ya ce to ko a waya ne a yi miƙawar. Sai aka koma kan wa zai kira wa. Kowannensu ya ce a shirye yake ya ɗauka. Daga ƙarshe motoci suka gaji suka gangara da kansu, Ummaru kaɗai ya shiga gabansu, ba bindiga ba sanda, don shi tun da ya bar aiki ya mayar da bindigar gwamnati bai ƙara riƙe wata ba. Da motocin suka haura, Ya'u ya ɗaga hularsa sama, Alhaji Tukur ya ɗaga tasa. Wannan ɗaga hular shi ya zama miƙa aikinmu.

Ban taɓa ganin girman kai tsirara irin na mutanen nan biyu ba. An ce girman kai rawanin tsiya ne, to su ko rawanin ba su da shi, hula ce kawai. Abin da ya fi ba ni takaici, dukansu ba matsorata ba ne a asali. Ya'u ya taɓa bin sawun shanun sata kwana biyu a daji. Amma a ce ya taka yashi ya nufi yaron da ya girma a gabansa, gara masa a ce komai ya lalace.

Mako bakwai aka yi haka lafiya lau. A kowane zama Ummaru sai ya tashi ya ce ɗaga hula ba miƙa aiki ba ne, kwarin nan babu mai shi, kuma mutanen daji ba makafi ba ne. Tun ana saurarensa har aka fara cewa Sojan-Ruwa ya cika naci. Kwamiti kuwa yana da manyan ayyuka. Zama uku muka yi a kan sunan da za a rubuta a jikin riguna, ko Kurfi ce za ta zo farko ko Dutsin-Ma. Zama guda aka yi a kan hatimi. Duk ni na rubuta su, da kyakkyawan rubutuna na malamin makaranta.

Maza sun koma kasuwa, amma mata ba su koma ba. Sun zuba ido ne su ga ko Kyauta za ta hau. Dalilinsu mai ƙarfi ne: in ayarin Ummaru na da aminci, ai yayarsa ce za ta fara shiga. Ina zaune a zaurensa wata la'asar ta shigo, ta zauna a bakin tabarma ta miƙe ƙafafu.

"Ummaru, daddawata ta kai ta kawo. Kuma matan garin nan sun ishe ni da kallo. Ka hwaɗa mani gaskiya, in hau ko in zauna?"

Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa. Na san abin da ke ransa. In ya ce ta zauna, ya faɗa wa gari da bakinsa cewa tsarinsa na da rami, direbobi su watse, a koma gidan jiya. In ya ce ta hau, ya san ramin.

"Yaya, mako bakwai ke nan ba abin da ya faru."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Akwai masu kai ku, akwai masu karɓar ku," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni ma ina nan cikin kwarin. Ki hau."

Ranar kasuwa ta takwas ta faɗo cikin Agusta. An yi ruwa da asuba, yashi ya jiƙe ya yi nauyi. Ni ina mota ta uku, zan je sayen maganin hawan jini. Yaya Kyauta da mata biyar suna mota ta ƙarshe, tsohuwar a-kori-kurar Mutawakkil, wani direba mai 'ya'ya huɗu da ba ya rabuwa da goro. Sun zauna a saman buhunan masara. Wajen ƙarfe tara muka gangara, Ummaru yana gaba yana nuna inda yashi ya fi tauri. Muka haura gaɓar su Alhaji Tukur. Ummaru ya tsaya yana ƙirga motoci kamar kullum, ya samu shida. Da muka waiga, ga motar Mutawakkil can ƙasa ta kafe, tayoyin baya suna juyawa suna haƙa rami.

"Alhaji, mota ɗaya ta kahe," in ji Ummaru. "Ka ba ni mutum goma mu sauka."

Da kunnena na ji amsar. "Ba a miƙo mana ita ba tukuna. Har yanzu tana hannun Baba Ya'u, ga shi can da mutanenshi."

Daga baya na ji abin da Ya'u ya ce wa nasa mutanen a daidai wannan lokacin, wai motar ta riga ta wuce tsakiya, ta Tukur ce.

Ummaru ya juya babur ya gangara shi kaɗai. Bai kai rabi ba muka ji ƙarar babura daga yamma, suna biyo cikin rafin. Shida ne, kowanne da mutum biyu. Ba su yi sauri ba ma, kamar masu zuwa ɗaukar abin da suka ajiye. Daga baya na ƙirga, bindiga ashirin da uku ce a kan gaɓoɓin nan biyu, mu muna da rinjaye kusan ninki biyu. Aka yi ta harbi sama. Na ga wani yaron Alhaji Tukur ya yunƙura zai sauka, ya waiga ya ga ba mai bin sa, ya dawo. Kowane ɓangare yana jiran ɗayan ya fara gangarawa, kuma yanzu tsoro ya samu rigar da zai sa.

Minti goma abin bai kai ba. Sun harbe Mutawakkil a bakin ƙofar motarsa. Sun tafi da mata biyu da wani magidanci. Ummaru sun sauke masa gindin bindiga a ka, suka ɗauke babur ɗin. Yaya Kyauta ta yi tsalle daga saman buhuna, mace mai shekara saba'in da wani abu, ƙugunta ya karye. Sai da ƙarar babura ta ɓace sannan gaɓoɓin biyu suka kwararo cikin kwarin gaba ɗaya, ana kabbara, ana zagin ɓarayi. Ihu bayan hari. A nan ne, a kan gawar Mutawakkil, Ya'u da Alhaji Tukur suka fara haɗuwa a tsakiyar yashi.

Kwananta huɗu a asibiti a Dutsin-Ma. Na je duba ta a rana ta uku, na tarar da Ummaru a gefen gado, kansa naɗe da bandeji, yana yi mata fifita da kwali. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Ummaru," ta ce a hankali, "na waiga baya na ga su Ya'u tsaye. Na duba gaba na ga su Alhaji tsaye. Na ce to wane ne mai karɓar tamu da ka ce?"

Ya ci gaba da fifita. Washegari da hantsi ta cika.

Dukansu biyu sun zo ta'aziyya, suka zauna a tabarma ɗaya, suka sha kunu, suka ce haka Allah ya ƙaddara. Na tashi na bar wurin don kada in yi abin da bai dace da gidan makoki ba.

Bayan addu'ar bakwai aka kira zaman kwamiti. Ajin ya cika. Na ɗauka yau za a yi wa juna gaskiya, ashe har yanzu ban san mutanena ba. Alhaji Tukur ya fara, ya ce shi tun farko yana da shakka, tara motoci wuri guda ai tara wa ɓarawo abinci ne. Ya'u ya gyaɗa kai, ya ce gaskiyar Alhaji, dabarar ruwa ba ta tafiya a tudu, kakanninmu ba su san ayarin jirgi ba kuma sun zauna lafiya. Karo na farko ke nan da na ga bakinsu ya zo ɗaya. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na Ummaru. Shugaba ya taƙaita: an gwada tsarin Malam Ummaru bai dace da yankinmu ba, an soke shi, kowa ya koma yadda ya saba, kwamiti na gode wa shugabannin sintiri biyu bisa jajircewarsu. Ya ce in rubuta, na rubuta.

Ummaru yana bencin baya. Ya tashi da ƙyar, ya dafa bango.

"Malam Rilwanu, karanta mani abin da ka rubuta."

Na karanta.

"To, ban ce a goge ba," in ji shi. "Ni na ce mata ta hau, wannan nawa ne, zan tahi da shi kabari. Abu ɗaya nake roƙo a ƙara. Jiya na koma kwarin na auna da ƙafata. Daga inda Baba Ya'u ke tsayawa zuwa inda Alhaji ke tsayawa, taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne, da gurguwar gwiwa. Kowannensu ɗari biyu da shida ya kamata ya yi. A rubuta wannan kawai, don wanda zai buɗe littafin nan bayanmu."

Ya'u ya sunkuyar da kai, Alhaji Tukur ya ciro waya yana dubawa. Shugaba ya ce ai abin da ya wuce ya wuce, ba a zo nan don tone-tone ba. Sannan ya juyo ya dube ni, ajin gaba ɗaya ya dube ni. Biron yana hannuna, shafin yana buɗe, akwai sauran layi huɗu a ƙasa. Ummaru ma ni yake kallo, abokinsa tun muna tsallen kududdufi.

Na rufe littafin na ce a yi addu'a.